Minti Bakwai na Hajiya Fanta

Hajiya Fanta ba ta taɓa ɗaukar abin da ta yi a matsayin ƙarya ba. Agogo ta murɗa, kuma ba don kanta ta murɗa shi ba.

Mijinta, Alhaji Wakili, shekara talatin da biyu ya yi yana aikin safiyo, yana auna filayen mutane daga unguwar Barunde har bayan gari. Wanda ya ga yadda taku ɗaya ke kai maƙwabta gaban alƙali, ba a yi masa wasa da awo. Daga ƙofar gidansa a Pantami zuwa masallacin unguwa minti biyar ne. Shi ya auna da kansa shekarar da suka tare, kuma tun daga ranar, sai saura minti biyar a tada salla yake zura takalmi, ya isa daidai liman na miƙewa, ya shige gurbinsa a sahun gaba ta hannun dama.

Bara hawan jini ya kayar da shi. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, amma ƙafar hagu ta ƙi dawowa duka, jan ta yake yi. Tafiyar minti biyar ta koma ta sha biyu. Fanta ce ta san haka, don ita ke tsayawa bayan ƙyaure da wayarta a hannu tana leƙen bayansa har ta ga ya sunkuya cire takalmi a ƙarshen layi. Shi kuwa gogan bai yarda wani abu ya canza ba. Saura biyar zai fita, ya tarar an yi raka'a biyu, wani lokacin a Magariba ma zaman tahiya kawai yake samu, a waje, a kan tabarmar da ake shimfiɗa wa 'yan acaɓa. Ya dawo gida fuska a murtuke, ya ɗan tsakuri tuwo ya ture kwano.

Sau ɗaya ta gwada magana. Ta ce, "Alhaji, da ka riƙa fita da ɗan wuri." Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Yau ne za a koya mini hanyar masallaci?" Kwana biyu daga gaisuwa ba abin da ya haɗa su.

Washegarin ƙaramar salla, yana banɗaki yana wanka, ta ɗauki agogon hannunsa a kan gado ta tura shi gaba da minti bakwai. Ta hau kujera ta yi wa na bangon falo haka. Ta ɗauko 'yar wayarsa mai madannai, wadda ba ta san komai ba sai lokacin da aka faɗa mata, ita ma ta ƙara mata bakwai. Sha biyu a cire biyar, saura bakwai. Ba a banza ta yi shekara arba'in da ma'aikacin safiyo ba.

Abin kuwa ya yi kyau fiye da yadda ta zata. Alhaji ya koma gurbinsa a sahun gaba, ya koma cinye tuwonsa har da neman ƙari. Sai dai ya samu sabon abin mita. Wai limamin nan ya fara jinkirta salla. Wai gidan rediyo ma labaran ƙarfe shida sai shida ta wuce suke farawa. "Ƙasar nan ba wanda ya san darajar lokaci," in ji shi. Mutumin da ya yarda da agogonsa ya fi saurin zargin gari guda a kan ya zargi tsintsiyar hannunsa. Fanta takan ce, "Haka ne, Alhaji," ta zuba masa ruwa.

Abin da ta manta da shi shi ne bututun.

Haka take kiran madubin hangen taurarin da ya saya da ya yi ritaya, wani farin bututu mai kaurin turmi a kan ƙafafu uku, wanda ake fitarwa farfajiya duk yammar da sama ta yi garau. 'Yarsu Najeeba ta aiko masa da 'yar kyamara da ake sakawa a gurbin ido, da tsohuwar kwamfutarta. Duk taurarin da Allah ya yi, ɗaya kawai Alhaji ke bi, Mushtari, wanda 'yan boko ke kira Jufita. Fanta ta taɓa leƙawa. Ɗan ƙwallo ta gani fari-fari, da ratsi biyu masu launin ƙasa, da wani ɗigo ja-ja a gefen ratsin ƙasa. Ya ce mata wannan shi ne Jan Tabo, guguwa ce da ta girmi kakan kakanta, kuma za ta iya haɗiye duniyar nan ba ta ƙoshi ba. Ta ce Allah ya tsare mu, ta koma kicin.

Amma tana girmama bututun nan, ko da tana tsokanarsa. Bayan ciwon, wata biyu Alhaji ya yi a kwance yana kallon silin, ba ya son baƙi, ba ya son rediyo. Ranar da ya ce a fitar masa da madubi ita ce ranar da ta san zai tashi.

Aikin nasa ba shi da hayaniya. Mushtari juyawa yake yi, Jan Tabo ya ɓullo daga gefe ɗaya, ya ratsa fuskar ya ɓace ta ɗaya gefen. Duk ranar da ratsawar ta faɗo tsakanin Magariba da Lisha ko jim kaɗan bayanta, Alhaji zai ɗauki hotuna, ya rubuta daidai mintin da tabon ya zo tsakiya, daga nan ya lissafa inda guguwar take. A hankali take gusawa, 'yan digiri kaɗan a wata. Akwai wata ƙungiya ta masu irin wannan sha'awa a faɗin duniya da ke tattara hotunan, kuma abokinsa Malam George ne ke aika masa su, don shi Alhaji bai yarda da intanet ba. Ita kuma tsohuwar kwamfutar ba ta riƙe lokaci, duk sanda aka kunna ta sai an faɗa mata kwanan wata da ƙarfe nawa. Daga agogon hannunsa yake faɗa mata.

Kwana goma bayan salla ya kira ta farfajiya.

"Fanta, zo ki ga wani abu."

Ya nuna mata takarda mai ɗige-ɗige da suka jeru suna hawa a hankali, sai kwatsam suka yi tsalle sama, suka ci gaba daga can.

"Digiri huɗu," ya ce. "Cikin kwana uku. Abin da guguwar take yi a wata biyu. Shekara shida ina bin ta ban taɓa ganin haka ba. Sau uku na sake lissafin."

Ba ta fahimci digiri ba, amma ta fahimci fuskar. Rabon da ta ga wannan hasken a idonsa tun kafin asibiti. Ta yi murna har zuciyarta, ta dama masa fura da nono mai sanyi. Makonni biyar da suka biyo baya sun yi mata daɗi. Ya yi aski, ya sa an wanke masa huluna, yana ɗan waƙe-waƙe cikin maƙogwaro idan yana goge madubi. Ya tara hotunan yamma goma sha huɗu, ya rubuta rahoto shafi huɗu da hannunsa, yana jiran George, wanda ya tafi Kaltungo tun kafin Ista ya tsaya gyaran rufin gidan mahaifiyarsa.

George tsohon malamin labarin ƙasa ne, a unguwar Madaki yake zaune, kuma abotarsu da Alhaji ta kai shekara talatin. Fanta ce ta yi wa 'yarsa Debby wankan jego lokacin da matarsa ba ta da lafiya. Ranar Laraba bayan La'asar ya iso, suka zauna a baranda, ya sa tabarau ya karanta rahoton daga farko har ƙarshe. Fanta ta kawo zoɓo, ta ɗan tsaya a bakin ƙofa don ta ji yabon da za a yi wa mijinta.

"Oga Wakili," in ji George, "ƙananan fararen tabon nan da ke ƙasa da Jan Tabo fa? Su ma sun motsa?"

"Duk tare suka yi tsallen. Shi ne abin mamakin."

"Da digiri huɗu su ma?"

"Cif."

George ya cire tabarau ya goge. "Lokacin fa? Ka tabbata da shi?"

Alhaji ya yi dariyar wanda ya daɗe da shirya amsa. Ya miƙa hannu ya nuna agogonsa, ya nuna na bango ta taga, ya zaro 'yar wayarsa ya ajiye a kan tebur. "Shaidu uku, Malam. Ko a kotu sun isa."

George ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro tasa wayar a gefen cinya ya ɗan leƙa, ya mayar aljihu. Ya ɗauki zoɓo ya kurɓa. Fanta ta ga leƙen, duk da ba ta gama haɗa abin ba tukuna.

Da aka kira Magariba Alhaji ya yi alwala, ya duba agogo, ya fita. George ya zauna jiransa kamar yadda ya saba. Sai da ƙarar jan takalmin ta yi nisa ya yi magana.

"Hajiya, agogunan gidan nan suna gaba da minti bakwai. Duka ukun."

Ta zauna a kan dakalin baranda. "Ni ce, Baban Debby."

Ta faɗa masa komai, da tabarmar 'yan acaɓa, da tuwon da ake turewa. Ya saurara kansa a sunkuye. Da ta gama ya ce da matarsa ce ma abin da za ta yi ke nan, kuma da shi ma bai gane ba.

"Amma me ya haɗa agogon falo da tauraro?" ta tambaya, ko da yake ta riga ta ji amsar a jikinta.

"Mushtari duniya ce mai sauri, Hajiya. Duk girmanta, cikin ƙasa da awa goma take juyawa sau ɗaya. Minti bakwai a nan, digiri huɗu ne a can. Guguwar ba ta je ko'ina ba."

"To kada ka aika."

"Ba zan aika ba. Akwai masu ɗauka a wasu ƙasashe a ranakun nan, da sun haɗa za su gane, kuma ba za su sake kallon hotonsa da daraja ba. Ga abin da zan iya. Yau ki mayar da agogunan daidai ba tare da ya sani ba. Ni kuma in ce masa na bincika, babu wanda ya ga tsallen, wataƙila kwamfutar ce ta ruɗe. Sai dai hotunan sha huɗun nan sun tafi ke nan, don hoton da ba a san lokacinsa ba ba shi da amfani. Kuma ba za a sake su ba. Damina ta kusa, tauraron ma saura 'yan makonni ya shige hasken rana."

"In kuma an san lokacin?"

"In an san minti nawa ne kuma tun wace rana, cirewa kawai za a yi, hotunan su tsaya da ƙafarsu. Amma ke kaɗai za ki iya faɗa masa wannan."

Hanyar farko ta yi mata sauƙi, har ta buɗe baki za ta ce to. Sai ta tuna abin da George bai sani ba. Tun bayan ciwon, Alhaji ba ya yarda da lissafinsa sai ya maimaita. Ta sha kama shi yana karanta sunayen jikokinsa a hankali yana lanƙwasa yatsu, yana gwada kansa. Bai taɓa faɗa ba, amma ta san babban tsoronsa shi ne ciwon ya taɓa masa kai. Idan aka ce masa aikin wata ɗaya da rabi kuskure ne, ba a nuna masa inda kuskuren ya fito ba, ba kwamfuta zai zarga ba. Kansa zai zarga, ya koma kallon silin.

"Ka tafi gida, Baban Debby," ta ce. "Ka dawo gobe da yamma."

Da Alhaji ya dawo ya yi mamakin tafiyar abokinsa, amma sama ta yi garau, bai tsaya bincike ba. Ya kunna kwamfuta, ya duba hannunsa zai saka lokaci. Mushtari na can yamma yana ƙyalli a saman bishiyar darbejiyar maƙwabta.

"Alhaji, kada ka saka wannan lokacin. Ba daidai ba ne."

Ya juyo.

"Ni na tura shi gaba. Da shi, da na bango, da wayarka. Minti bakwai."

Ya daɗe yana kallonta. Ta so ya yi faɗa, da ya fi mata sauƙi. Maimakon haka sai ya jawo littafinsa ya cire murfin biro.

"Wace rana?"

"Washegarin salla."

"Da safe ko da yamma?"

"Da safe. Kana wanka."

"Bakwai cif, ko wajen bakwai?"

"Cif. Da wayata na gwada."

Ya rubuta. Ya ja wani ɗan lissafi a gefe, layi biyu kawai, ya tsaya yana kallon amsar. Ya ɗauki rahoton nan mai shafi huɗu ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya cusa a ƙarshen littafin.

"To, guguwar tana nan inda take," ya ce a hankali. "Lissafina daidai ne. Lokacin ne aka ba ni na ƙarya." Sai kuma ya ɗago. "Don me?"

"Don ka riƙa samun sahu."

Ta ga maganar ta shige shi fiye da ta guguwar. Ya dubi ƙafarsa ta hagu, ya kawar da kai.

"Wato duk makonnin nan ina zagin liman, ke kina kallona. Kin mai da ni abin tausayi a cikin gidana, Fanta."

"Na faɗa maka da baki, ka yi kwana biyu ba ka yi mini magana ba. Ina ganin kana dawowa ba ka iya cin abinci. Ban san zai taɓa maka aikinka ba, da ban yi ba. Ka yafe mini wannan. Na salla kuwa ban yi nadama ba."

Ya miƙo hannu ya ce ta ba shi wayarta. Ya cire agogonsa, ya mayar da shi baya yana duban fuskar wayar, ya jira har minti ya cika sannan ya danna kan. Ya gyara 'yar wayarsa. Ya rufe kwamfutar ba tare da ya ɗauki hoto ko ɗaya ba, ya zauna a kujerarsa ta roba ya juya mata baya.

Aka kira Lisha. Ya yi alwala, ya dawo ya zauna yana kallon hannunsa. Fanta na kicin tana leƙensa ta taga, tana ganin lokaci na tafiya, ta ciji leɓe ta hana kanta magana. Sai da ya rage saura minti biyar daidai ya zura takalmi.

Ta tsaya bayan ƙyaure. Bai kai shagon mai cajin waya da ke kan layin ba lasifika ta ɗauki kabbarar farko. Ta ga ya ƙara sauri, ƙafar na ƙin bin sa, kafaɗarsa na karkacewa. Ta ji an yi ruku'u, an tashi, an yi na biyu. Limamin Lisha ba ya jan sura. Tausayi da haushinsa suka cika ta lokaci ɗaya, har ta ji kamar ta bi shi ta riƙe masa hannu a gaban kowa. Ta ga ya isa ya sunkuya wajen takalma ana cikin raka'a ta ƙarshe. Ta koma ciki, ba ta son ganin sauran.

Ta yi tata sallar. Sannan ta ja kujera ta hau, ta sauko da agogon bango, ta zauna da shi a cinya za ta mayar da shi daidai. Tana cikin laluben abin murɗawar ta ji ƙarar takalminsa a farfajiya, a hankali fiye da kullum. Ya yi sallama ya tsaya a ƙofar falo, hula a hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Me za ki yi masa?"

"Zan gyara shi."

"Bar shi." Ya dafa ƙyauren yana mai da numfashi. "Na hannuna zai zauna a kan gaskiya, da shi zan yi aiki. Gobe in George ya zo za mu cire bakwai daga sha huɗun nan, a aika. Wannan kuma na masallaci ne."

Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Na auna yanzu," ya ce, idonsa a kan tabarma. "Awonki ya tsufa. Ba sha biyu ba ne, sha huɗu ne. Ƙara masa biyu."

Ta murɗa. Sai da ta goge ido da gefen mayafi kafin ta iya ganin inda hannun agogon ya tsaya. Da ta tashi za ta mayar da shi bango, ya jawo ƙafarsa ya zo ya riƙe mata kujerar.